Lamba Bakwai Tana da Suna

A shekarar da na yi bautar ƙasa a Abuja, wani abokin aikina ya ja ni zuwa wani zauren baje kolin hotuna, yana ce mini akwai mutanenmu a bango. Na bi shi ina ɗoki. Muna shiga sai na ga hotuna goma sha biyu an jera su layi uku, kowane layi huɗu, gida-gida kamar gurabun dara. Dukkansu tsofaffin mata ne, daga kafaɗa zuwa sama, farin ƙyalle a bayansu, haske iri ɗaya, babu mai murmushi. A ƙarƙashin jerin an rubuta da Turanci cewa waɗannan matan Dakarkari ne masu zanen fuska, daga ta ɗaya zuwa ta goma sha biyu. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya har na iso gida na uku a layi na biyu. Lamba bakwai ƙanwar kakata ce, wadda ta goya ni, wadda duk gidanmu ke kira Kaka.

Nan take na tuna ranar da aka ɗauki hoton. Lokacin bikin Uhola ne a Zuru, shekara biyu kafin nan. Wani baƙo ya zo da tafinta, ya ɗaura farin ƙyalle a jikin katanga, aka kirawo masa tsofaffi. Ya sa Kaka ta cire tabarau, ta ajiye wayar da ke rataye a wuyanta, ya roƙe ta ta daina dariya. Da ya gama ya ba kowacce ɗan abin goro, ya yi godiya, ya kama hanyarsa. Bai zage ta ba, bai tilasta mata ba. Amma a wancan zaure, inda masu kallo ke ta yaba tsaftar tsarin, an raba ta da sunanta da ƙauyensu da sana'arta da bakin nan nata wanda ba ya gajiya da barkwanci. Abin da ya rage mata zane ne a kunci, da lamba a takardar farashi.

Wannan maƙala martani ce ga masu cewa tarawa da rarrabewa a fasahar hoto ta zamani salon ƙawata bango ne kawai, wanda babu ruwansa da mulki. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya jera mutane gida-gida ya raɗa wa kowane gida suna ya riga ya yanke hukunci a kansu. A ƙasa irin ta Zuru kuwa, inda baƙi suka shafe fiye da shekara ɗari suna kasa mu kashi-kashi, mai kyamara ba shi da uzurin cewa bai sani ba. Tarawar kanta ba na ƙinta, kuma zan nuna a gaba cewa muna cikin tsananin bukatarta. Abin da nake ƙi shi ne a bar ikon kasawa da raɗa suna a hannun wanda ya zo da kyamara shi kaɗai.

Adalci ya wajabta in fara da bayyana ƙarfin wannan salo, domin yana da shi. Waɗanda suka fi kowa ɗaukaka shi a zamaninmu miji da mata ne Jamusawa, Bernd da Hilla Becher, waɗanda suka fara aiki tare a 1959. Sun shafe kusan shekara hamsin suna ɗaukar hoton hasumiyoyin tankin ruwa da tanderun narka ƙarfe da gine-ginen bakin ramukan kwal, a Jamus da Faransa da Ingila da Amurka. Ƙa'idarsu ba ta sauyawa: baƙi da fari, ranar da hadari ya rufe sama don kada inuwa ta shiga, daga gaba sosai, babu mutum a ciki. Daga nan sai su jera tara ko goma sha biyu ko goma sha biyar a bango guda. Hasumiya ɗaya ba ta cewa komai, amma idan aka ajiye ta kusa da 'yan'uwanta sai ido ya fara ganin inda suka haɗu da inda suka rabu, ya gane cewa magina sun yi ta amsa tambaya guda ta hanyoyi dabam-dabam. A 1990 aka ba su lambar yabo ta Zakin Zinariya a babban bikin fasaha na birnin Benis da ke Italiya, kuma a fannin sassaƙa aka ba su. Ɗaliban da suka fito daga ajin Bernd a makarantar fasaha ta Dusaldof, irin su Andreas Gursky da Candida Höfer da Thomas Ruff, sun yaɗa wannan ido a duniya. Yawancin masana'antun da suka ɗauka an rushe su, hotunan nan ne shaidar da ta rage.

Babu mai hankalin da zai raina wannan aiki. Sai dai hasumiyar ruwa ba ta da baki, ba ta da jika, ba a kuma taɓa hana ta gona ko makaranta saboda gidan da aka sa ta a jeri ba. Ranar da aka ɗauke wannan tsari daga kan ƙarfe da siminti aka ɗora shi a kan fuskar ɗan Adam, ranar ya shiga wani tarihi wanda ya girmi su Becher nesa ba kusa ba.

A shekarun 1880 wani ma'aikacin 'yan sandan Faris, Alphonse Bertillon, ya tsara yadda za a riƙa ɗaukar waɗanda aka kama: hoto ɗaya daga gaba, ɗaya daga gefe, nisa ɗaya, haske ɗaya, tare da awon kai da kunne, a adana a kati mai lamba. Irin wannan tsayuwar ce masu mulkin mallaka suka sa mutanen ƙasashen da suka ci da yaƙi. A 1909 gwamnatin Ingila ta naɗa Northcote Thomas jami'inta na farko mai nazarin al'ummomi, ya yi aiki a tsakanin mutanen Edo da Ibo da kuma Saliyo har zuwa 1915. Ya bar dubban hotuna, da yawa daga cikinsu gaba da gefe, wasu ma da allon lamba a saman kan mutum. A Arewa an yi kasawar da alƙalami. A 1919 aka buga littafin da Olive Temple ta tattara daga rahotannin jami'an gwamnati, mijinta Charles Temple ya shirya, inda aka jera ƙabilun lardunan Arewa bisa tsarin haruffa, kowacce da bayanin kamanninta da addininta da halinta. A 1938 wani jami'in mulki, P. G. Harris, ya wallafa bayaninsa a kan Dakarkari na Lardin Sakkwato a wata mujallar masana ta Landan. Ban musanta cewa akwai ilimi a waɗannan rubuce-rubuce ba, mu ma muna komawa gare su. Amma an rubuta su ne don mai mulki ya san wa zai karɓi haraji daga gare shi, wa zai naɗa, wa zai ɗauka soja.

Mu a Zuru mun san ɗanɗanon wannan. Sunan Dakarkari daga waje ya zo mana. Masu harshen suna kiran kansu Lelna, harshensu C'lela, ƙasarsu A'lela. A bakin baƙo wannan suna ɗaya yakan haɗiye Fakkawa da Bangawa da Gelawa da Kelawa, wani lokaci har da Dukkawa da Kambari, alhali kowannensu yana da harshensa da tarihinsa a cikin masarautun nan biyar na ƙasar Zuru, wato Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. An sa kakanninmu a gidan da aka rubuta wa "arna", kalmar da har yau ake jifan mutum da ita a cikin mota ko a ɗakin kwanan ɗalibai, ko da a masallaci ko a coci ya tashi. An kuma sa mu a gidan da aka rubuta wa "mutanen soja". Muna alfahari da janar-janar da ƙasar nan ta haifa, amma duk ɗan Zuru da ya je jami'a ya san tambayar da ke biyo bayan jin sunan garinsu: me ya hana ka shiga soja? Haka rarrabewa take aiki. Takan fara a takarda, ta ƙare a matsayin katangar da mutum zai yi ta karo da ita tsawon ransa.

Bahaushe yana da kalmar da ta fi dacewa da wannan aiki, wato kasawa. Je ka kasuwar Zuru ka tsaya gaban mai tumatir. Shi ke zaɓen wanda zai hau sama da wanda zai ɓuya a ƙasa, shi ke cewa wannan kashin na ɗari biyu ne wancan na ɗari biyar. Tumatir ba ya zaɓen kashinsa, kuma ana kasa shi ne don mai saye. Wanda ya kasa kaya ya nuna cewa kayan nasa ne, ko aƙalla yana da ikon sayar da su. Mai hoton da ya jera tsofaffinmu a bangon Abuja ya yi duk abin da mai tumatir ke yi: ya zaɓa, ya goge, ya cire abin da zai ɓata kyan kashi, ya yanka farashi. Tabarau da waya su ne suka ɓata masa kashin, domin suna shaida cewa matar nan a wannan zamanin take rayuwa, tana kiran 'ya'yanta da ke Kaduna da Legas, tana sauraron labarai. Shi kuwa abin da yake sayarwa shi ne mutanen da zamani ya wuce.

Na san amsoshin da za a ba ni, kuma ba duka ne na banza ba.

Za a ce ai Turawa ma sun kasa junansu. Za a kawo August Sander, wanda ya yi shekaru yana tara hotunan Jamusawa ya raba su gida bakwai, ya fara da manoma ya ƙare da waɗanda ya kira mutanen ƙarshe, yana rubuta sana'a a ƙarƙashin hoto a maimakon suna. Haka ne. Amma labarin Sander hujjata yake ƙarfafawa. Littafinsa na 1929 mai hotuna 60 ya nuna Jamusawa iri-iri, har da marasa aikin yi da 'yan tawaye, shi ya sa gwamnatin Nazi ta ƙwace shi a 1936 ta lalata allunan buga shi, domin tana da tata kasawar da ba ta son a yi wa kishiya. Da jeri ba shi da siyasa da ba a ji tsoronsa ba. Bugu da ƙari, Sander yana cikin al'ummar da ya kasa, yana jin harshenta, kuma waɗanda ya ɗauka suna iya shiga kantin littattafai su ga abin da ya yi da su. A cikin matan nan goma sha biyu babu wadda ta san hotonta ya je Abuja.

Za a ce zanen fuska yana ƙarewa, in ba a ɗauka yanzu ba shi ke nan, kuma da babu gara ba daɗi. Wannan ita ce hujjar da ta fi ruɗar mutane, domin rabinta gaskiya ne. A 2013 wani Bature mai suna Jimmy Nelson ya fitar da babban littafin hotunan al'ummomi daga nahiyoyi dabam-dabam, sunan littafin yana nufin a gan su kafin su shuɗe. Ya yi kasuwa ƙwarai. Amma ƙungiyar Survival International da wasu jagororin irin waɗannan al'ummomi sun soke shi, bisa dalilin cewa mutanen ba shuɗewa suke yi da kansu ba, ƙasarsu ake ƙwacewa, kuma an yi musu shigar da ba ita ce ta yau da kullum ba don hoto ya yi kyau. Mai cewa bari in ɗauke ku kafin ku ƙare ya riga ya yi muku jana'iza kuna raye. Zanen fuska yana iya ƙarewa, iyaye da yawa ma sun daina yi wa 'ya'yansu bisa zaɓin kansu. Lelna kuwa suna nan, suna noma dawa, suna karatu, suna gardama a kan golmo, wato noman shekara bakwai da saurayi kan yi wa surukansa, ko ya dace da wannan zamani ko bai dace ba. Hoton da ya adana zanen ya binne mai zanen bai adana abin kirki ba.

Za a ce sakaya suna ado ne na fasaha, yana sa mai kallo ya ga ɗan Adam gaba ɗaya a fuska guda. To, a lura da wa ake sakaya wa suna. A 1991 an baje wasu hotuna daga Bamako a birnin Niyu Yok, aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba. Mai su, Seydou Keïta, a lokacin yana nan da ransa a Bamako, tare da akwatunan aikinsa, kuma da aka tashi nemansa ba a sha wahala ba. Yau sunansa yana cikin manyan masu hoto na duniya. Rashin sanin suna sau da yawa rashin tambaya ne. A zauren Abuja sunan mai hoton yana bango da manyan haruffa, da shekarar haihuwarsa da makarantun da ya yi. Idan sakaya suna ado ne, me ya sa bai yi wa kansa wannan adon ba? Hausawa suka ce suna linzami ne. Wanda aka cire wa suna an cire masa abin da za a kama a dawo da hotonsa gida.

Akwai kuma amsar da nake ji daga wasu abokaina 'yan boko, wadda ta saba wa waɗancan: tunda rarrabewa kayan mulkin mallaka ce, mu yar da ita gaba ɗaya. Wannan ma kuskure ne, kuma raini ne ga kakanninmu. Sun iya rarrabewa tun kafin Bature ya zo. Lelna sun shahara da tukwanen kabari, waɗanda mata magina ke yi da yumɓu, wasu da siffar mutum wasu da ta dabba, a ɗora a kan makwancin mutanen da suka yi fice. Ba kowane kabari ake ɗora wa kowace tukunya ba. Matsayin mamaci, ko shugaba ne ko gwanin farauta ko zakaran kokawa, shi ke nuna abin da ya cancanta, kuma mai wucewa yana karanta wannan kamar rubutu. R. T. D. Fitzgerald ya yi rubutu a kansu a 1944, Allen Bassing ya yi a 1973. Yau ana samun irin waɗannan tukwane a gidajen tarihi da kasuwannin gwanjo na Turai da Amurka, a ƙarƙashin kalma ɗaya tak, sunan ƙabila. An cire tukunya daga jerin da ke faɗin wane ne ke kwance a nan, an sa ta a jerin da ke faɗin nawa za a saya. Abin da aka yi wa tukunyar shi aka yi wa Kaka. Laifin yana ga wanda ya rushe jerin masu abu ya kafa nasa, bai ko tambaya ba.

An kuwa yi aikin tarawa da mutunci, kuma ba sai mun tsallaka teku kafin mu gani ba. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 ya rasu a Legas a 2014, ya fara ɗaukar hoton kitson matan Nijeriya a 1968, ya ci gaba shekara da shekaru har ya tara kusan dubu. Tsarinsa yana da tsauri kamar na su Becher: baƙi da fari, bango fayau, sau da yawa daga baya. Amma abin da ya jera aikin hannun makitsa ne, kuma yana tambayar sunan kowane kitso da inda ya fito, ya rubuta shi da harshen masu shi, kamar Onile Gogoro na Yarbawa, wanda ke nuni da dogon bene. Gidajen jerinsa matan ne suka raɗa musu suna, shi ya bi su da kyamara. An baje aikin a Benis a 2013, kuma har yau makitsiya tana iya duba shi ta gane aikin uwarta. A Afirka ta Kudu, Santu Mofokeng ya bi gidajen baƙar fata ya tattara hotunan da iyalai suka biya aka ɗauke su tsakanin 1890 da 1950, ya binciko sunayensu da labarinsu, ya nuna su a 1997. Ya tara yadda mutane suka zaɓi a gan su, a daidai zamanin da gwamnati ke ɗaukar su a matsayin samfurin ƙabila. A Maiduguri, Fati Abubakar ta fara tara hotunan mutanen Borno a 2015, kowanne da ɗan labarinsa daga bakinsa, a lokacin da duniya ta kasa jihar gaba ɗaya a gidan bom da gawa. A 2020 bikin hotuna na LagosPhoto ya nemi mutane su ɗauki abubuwan da suke daraja a gidajensu su bayyana dalili da kansu, aka haɗa gidan tarihi daga abin da suka aiko. Ko hotunan Northcote Thomas, masu bincike ƙarƙashin jagorancin Paul Basu sun mayar da su garuruwan da aka ɗauke su, mutane suka gane kakanninsu, domin ya rubuta sunayen da yawa daga cikinsu a littattafan ajiyarsa. Jami'in mulkin mallaka na shekara ɗari da suka wuce ya rubuta suna, mai fasahar zamaninmu bai rubuta ba.

Daga waɗannan misalai nake fitar da ma'aunin da nake so a riƙa auna duk wani jerin hotunan mutane da shi. Wa ya raɗa wa gidajen suna, da wane harshe? Wanda aka ɗauka ya san inda hotonsa zai je, ya kuma zaɓi yadda zai tsaya da abin da zai sa? Kwafin aikin ya dawo garin da aka ɗauke shi, a wurin da jikoki za su iya gani ba tare da kuɗin mota zuwa Abuja ba? Idan an sayar, me ya koma hannun mai fuskar? Za a ce waɗannan tambayoyin ɗa'a ne, babu ruwansu da kyan hoto. Ban yarda ba. Amfanin jeri shi ne ya koya wa ido bambancin da ke tsakanin abubuwa masu kama da juna. Jerin da aka gina a kan rashin sani ba ya koyar da komai, yana maimaita wa mai kallo abin da ya riga ya zata ne. Saboda haka ko a ma'aunin fasaha zalla ya faɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san wace tukunya ce ta ruwa wace ce ta kabari.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu matasan Zuru, domin zargin baƙo ya fi sauƙi. Baƙon nan ya zo ne saboda ya tarar da fili. Kusan kowannenmu yana da kyamara a aljihu, amma me muka tara? A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 88. A watan Maris na 2022 aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu sun kwararo cikin gari. Ƙauyen da ya watse yakan tafi da fasalin rumbunansa da tsarin gidajensa da makabartarsa da sunayen gonakinsa. Ga aikin da ya dace da idon su Becher: rumbunan ƙasar Zuru, ƙauye bayan ƙauye, daga gaba, a haske ɗaya, kowanne da sunan irinsa a C'lela ko a harshen Fakkawa, da sunan maginin idan ya yarda. Ga garemani da fartanyoyi da maƙeran da suka ƙera su. Ga tukwanen da suka rage a inda aka ajiye su, a ɗauke su a wurin bisa izinin masu kabari, domin hoton da ya nuna tukunya a mazauninta shaida ce ranar da aka gan ta a kasuwar gwanjo. Ga hotunan sojojin da ke cikin akwatunan ƙarfe a gidajenmu, waɗanda gara ke ci a hankali. Muna da gidan tarihi a Zuru, muna da majalisar masarauta, muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ɗalibanta. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Yana bukatar haƙuri, da littafin rubutu, da ladabin zama gaban tsoho a tambaye shi yadda ake kiran abu kafin a danna kyamara. Ba a fafe gora ranar tafiya, tafiyar kuwa ta riga ta fara.

Da na dawo gida bayan bautar ƙasa, na nuna wa Kaka hoton bangon nan a wayata. Ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa. Ba ta yi fushi ba, dariya ta yi har da tafi. Sannan ta bi gidajen da yatsa tana kiran sunan kowacce da ƙauyensu. Ta ce ta uku Bafakkiya ce, ta goma kuwa Bakambariya ce da aure ya kawo. Ta ce tabon da ke goshin ta biyar ba zanen gado ba ne, tsagar magani ce da aka yi mata tana yarinya. Ta nuna biyu da ke gefe da gefe ta ce kishiyoyi ne, shekara talatin ba su zauna kusa haka ba. Ta nuna uku ta ce sun riga mu gidan gaskiya, ta yi shiru kaɗan. A cikin minti biyar ta rushe jerin ta sake kasa shi bisa dangi da ƙauye da aure da mutuwa, kuma kowane kashi nata ya fi na bangon Abuja ilimi.

Ban rubuta sunanta a wannan maƙala ba, domin na tambaye ta ta ce a bari tukuna, kuma sunan nata ne. Da ta miƙo mini wayar sai ta ce, "Maigidana, in ka sake ganin yaron nan ka gaya masa bai iya kasa ba. In yana so ya koya, ya dawo ya zauna. Amma wannan karon da tabarauna zai ɗauke ni."